Waiwaye: Yadda dusar ƙanƙara ta ci kujerar magajin gari, ta mayar da Seattle ga gishiri

Duk shekara idan kaka ta yi nisa, mazauna Seattle kan ga manyan motoci masu faffaɗan ƙarfe a goshi suna zagaya unguwanni alhali babu ko ƙwayar dusa a ƙasa. Direbobin hukumar sufurin birnin ne ke bitar hanyoyinsu, kowa yana haddace inda titinsa ya ƙuntace, inda kwana take da kaifi, inda gangara ta fi tsanani. Da yawansu ba wannan ne aikinsu na kullum ba. Akwai masu facin kwalta, akwai masu kula da magudanan ruwa, akwai ma'aikatan lambunan shaƙatawa, duk an koya musu tuƙa motar ture dusa don ranar da za a neme su. Sai a gama bita, a cika rumbuna da gishiri, wani hunturun ya zo ya wuce ba a yi wani aikin kirki da motocin ba. Wani kuma ya zo ya tsayar da birnin cak na mako biyu.

Seattle tana arewa maso yammacin Amurka, a jihar Washington, wadda ba ita ce babban birnin ƙasar ba, shi yana can gabas. An gina ta a wani siririn yanki tsakanin mashigin teku na Puget Sound da tafkin Washington. Wanda ya duba taswira zai ga ta fi Shikago da Toronto da Montreal kusa da ƙuryar arewacin duniya, sai ya ɗauka rabin shekara a binne take. Ba haka ba ne. Abin da take samu na dusar ƙanƙara a shekara, idan aka yi matsakaicin lissafi, bai wuce santimita 16 ba, kuma ko wannan adadin yana ruɗarwa, domin shekaru da dama kan wuce da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sannan shekara ɗaya ta sauke na shekara biyar.

Tekun Fasifik ne sirrin. Iskar da ta fi kaɗawa daga yamma take zuwa, ta biyo kan ruwan da ba ya yin sanyi ƙwarai, ta iso da danshi da yayyafi. Ta gabas kuma tsaunukan Cascade sun tare muguwar iskar sanyin da ke taruwa a tsakiyar nahiyar. Amma katangar tana da ƙofa. Idan iskar sanyi ta taru ta yi nauyi a cikin lardin British Columbia na Kanada, takan sami hanya ta kwarin kogin Fraser, ta fito da ƙarfi ta wajen garin Bellingham, ta gangaro kudu. Ko a nan ma ba a gama ba, domin iskar nan busasshiya ce, ba ta ɗauke da abin zubarwa. Sai an yi dace hadari daga teku ya iso a daidai lokacin da sanyin ke ƙasa, kafin ɗumin hadarin ya kore shi. Tazarar ƙanƙanuwa ce. Bambancin digiri ɗaya ko biyu, ko hadari ya kauce da ɗan kilomitoci, shi ke raba ruwan sama na yau da kullum da ranar da za a rufe makarantu. Shi ya sa masu hasashen yanayi a can suke shan zagi ta kowane ɓangare: su yi gargaɗi a ga yayyafi, a yi musu dariya, su yi shiru ta sauka, a ce ina amfaninsu.

Mutanen da suka ƙaura daga Shikago ko Minnesota sun fi kowa yi wa Seattle ba'a, wai santimita biyar ta sa gari kuka. A ganina ba su yi mata adalci ba. Dusar garuruwansu takan sauka ne cikin tsananin sanyi, a bushe, a kan ƙasa shimfiɗaɗɗiya. Ta Seattle jiƙaƙƙiya ce, tana sauka a kan kwalta mai sauran ɗumi, ta narke rabi, tayoyi su danne ta, dare ya yi sanyi ya ƙaru, ta daskare ta koma gilashi. Taka ta kamar taka miyar kuɓewa ne a kan siminti. Ga shi birnin duk tudu ne da gangara: Queen Anne, Capitol Hill, First Hill inda manyan asibitoci suke, Beacon Hill, da West Seattle inda wuri mafi tsayi ya kai kusan mita 158. Wasu titunan sun miƙe daga bakin ruwa zuwa sama ba ko karkata. Babu gwanintar tuƙin da ke riƙe mota a kan ƙanƙara a irin wannan gangara.

Zamanin shebur da haƙuri

Babbar dusar farko da aka rubuta labarinta ta zo ne a Janairun 1880, lokacin garin bai cika shekara 30 ba, mutanensa kuma ba su wuce 3,500 da ɗoriya ba. Ta yi kwanaki tana zuba, masu aunawa na lokacin suka ce ta haura mita ɗaya da rabi, rufin gine-gine ya yi ta ruftawa. A 1916 kuma, tsakanin 1 da 2 ga Fabrairu, santimita 55 ta sauka cikin awa 24, adadin da har yau ba a karya ba. Taragun lantarki da ke jigilar mutane cikin gari suka tsaya. Ƙubbar babban cocin St. James ta kasa ɗaukar nauyin, ta rufto cikin ginin da rana tsaka, Allah ya sa babu kowa a ƙarƙashinta, kuma ba a sake gina ta ba. Ranar Juma'a 13 ga Janairun 1950 dusa ta zo haɗe da guguwa, mutum 13 suka rasu a yankin, a ƙarshen watan sanyi ya kai digiri 18 ƙasa da sifili a filin jirgin sama na Sea-Tac. Hunturun 1968 zuwa 1969 ya tara santimita 171.

Duk waɗannan sun fi na zamanin yanzu girma nesa ba kusa ba, amma ba su zama rikicin siyasa ba. Shiri a wancan lokaci shebur ne da itacen hura wuta da haƙuri. Abin da ya sauya shi ne birnin kansa. Aka shimfiɗa gadoji masu iyo a kan tafkin Washington a 1940 da 1963, babbar hanyar I-5 ta ratsa tsakiyar gari a shekarun 1960, unguwanni suka bazu zuwa nesa, ma'aikatan Boeing da na Microsoft suka koma masu tafiyar kilomitoci da yawa safe da yamma. Daga nan dusar da ta sauka da tsakar ranar aiki ta zama wani abu dabam.

An ga haka ranar 18 ga Disambar 1990. Hasashe bai nuna wani abin tashin hankali ba, mutane suka tafi aiki, yara suka tafi makaranta. Da rana ta ɓarke. Kowa ya fito neman gida a lokaci guda, hanyoyi suka cushe, sanyi ya daskarar da abin da tayoyi suka danne, dubban mutane suka yar da motocinsu suka kama sayyada, ɗaruruwan yara suka kwana a makarantu tare da malamansu. A ƙarshen Disambar 1996 kuma darasin na nauyi ne: dusa mai yawa ta sauka, ruwan sama ya biyo ya jiƙa ta, rumfunan tashar ƙananan jiragen ruwa ta Edmonds suka rufta a kan ɗaruruwan jirage, bayan narkewa kuma ƙasa ta yi ta zaftarewa a gefen tuddai.

A cikin waɗannan shekarun ne birnin ya daina zuba gishiri a tituna. Gishiri yana rage matakin sanyin da ruwa ke daskarewa, shi ya sa garuruwan sanyi suke watsa shi tan-tan. Amma yana cin ƙarfen gadoji da ƙasan motoci, kuma idan ya narke magudana yake bi ya shiga rafuka. A Seattle maganar rafi maganar kifin salmon ce, kuma kifin nan ba abin wasa ba ne a can. Ƙabilun asali na yankin suna da haƙƙin kamunsa a yarjejeniyoyin da suka ƙulla da gwamnatin Amurka, wanda kotun tarayya ta tabbatar a 1974. A 1999 aka sanya nau'in Chinook na Puget Sound cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana. Saboda haka aka zaɓi yashi da ɗan ruwan sinadari, aka sa wa motocin ture dusa baki na roba don kada su kankare kwalta da alamomin layi. Tsarin ya yi shekaru ba wanda ya damu da shi, domin ba a jarraba shi sosai ba.

Disambar 2008

Sanyin ya shigo wajen 13 ga wata, ya ƙi tafiya. Hadari ya riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya har Kirsimeti, jimillar abin da aka auna a filin jirgi a watan ya kai santimita 35. Motocin ture dusa 27 birnin yake da su. Dabarar hukuma, kamar yadda wani babban jami'inta ya bayyana wa 'yan jarida a lokacin, ita ce a danne dusar ta yi tauri, a watsa yashi a kai, masu motocin da suka dace su bi. A garin da sanyi ke tsayawa wuri ɗaya wataƙila hakan ya yi aiki. A Seattle kuwa rana ta ɗan narkar, dare ya daskarar, tituna suka koma kunya-kunya na ƙanƙara masu kwazazzabai, bakin roba yana shafa samansu yana wucewa.

Ranar 19 ga wata wasu manyan bas-bas biyu na haya suka shigo gari ɗauke da kimanin mutum 80, yawancinsu matasa masu koyon sana'a daga garin Moses Lake da ke komawa gida hutu. An rufe titin Denny Way saboda santsi, direbobin suka karkata zuwa East Thomas Street, wata gangara a Capitol Hill da ba su san halinta ba. Birki ya zama banza. Motocin suka sulale har ƙasa, suka fasa shingen ƙarfen da ke bakin titi, gaban ɗaya ya leƙa ya tsaya a sararin sama, ƙarƙashinsa motoci suna wucewa a kan I-5. Yaran suka yi ta fitowa ta tagogi. Ba a rasa rai ba, raunukan da aka samu ƙanana ne, amma hoton bas ɗin nan mai reto ya zagaya Amurka.

Sauran wahalar ba ta da hoto mai ɗaukar ido irin wannan. Hukumar bas ta King County Metro ta janye kusan rabin zirga-zirgarta, mutane suka riƙa tsayuwar awanni a tasha suna jiran motar da ba za ta zo ba, kuma ba wanda ya gaya musu. Shara ta yi sama da mako biyu a ƙofar gidaje a wasu unguwanni. 'Yan sanda suka riƙa ajiye motocinsu a gindin tudu suna hawa da ƙafa. 'Yan kasuwa suka rasa makon da suka fi ciniki a duk shekara.

Ana cikin haka, ana jajibirin Kirsimeti, aka tambayi magajin gari Greg Nickels wane maki zai ba aikin gwamnatinsa. Ya ce B, wato sakamako mai kyau. Ban san wata kalma guda da ta taɓa yi wa ɗan siyasar birni tsada kamar wannan harafin ba. Mutumin da ya kwana huɗu bai iya fita da mota ba zai iya yafe ƙarancin kayan aiki, amma ba zai yafe a ce masa ai komai lafiya ba. Ranar 31 ga Disamba Nickels ya sanar da cewa daga yanzu za a zuba gishiri idan dusa ta haura santimita 10 ko ƙanƙara ta daɗe a ƙasa. Ihu bayan hari, dusar ta riga ta narke.

Bayan 'yan watanni jaridar Seattle Times ta bi takardun aikin hukumar, ta fito da rahoton da ya nuna ruɗani a rabon motoci, da kuma cewa an ɓata lokaci mai yawa ana share titunan West Seattle, unguwar da magajin garin da mataimakinsa suke zaune. Ba a tabbatar cewa shi ya ba da umarnin ba, amma a idon jama'a magana ta riga ta zauna.

Abin da ya fi ban takaici shi ne batun yashin. Dubban tan da aka watsa sun toshe magudanu, aka yi makonni ana sharewa, sauran ruwa ya kwashe zuwa rafuka. Masana halittun ruwa suka ce yashi yana cike tsakuwar da kifin ke zuba ƙwai a ciki, yana kashe ƙwarin da yake ci, kuma a garin da ake ruwa kamar Seattle gishirin da za a zuba sau ɗaya ko biyu a shekara ba zai kai shi ɓarna ba. An gudu ba a tsira ba ke nan. Daga baya ma, a 2020, masu bincike na jami'o'in jihar suka gano cewa abin da ke kashe kifin coho, wani nau'in salmon, a rafukan birnin wani sinadari ne da ke fita daga tayoyin mota, wanda ruwan sama ke wankowa daga kwalta ko da dusa ko babu.

Nickels ba ƙaramin ɗan siyasa ba ne. Wa'adi biyu ya yi, shi ya jagoranci ɗaruruwan magadan gari na Amurka suka sa hannu a alkawarin rage hayaƙi mai ɗumama duniya tun 2005, kuma a 2009 shi ne shugaban ƙungiyarsu ta ƙasa. A zaɓen share fage na Agustan 2009 ya zo na uku, bayan Mike McGinn da Joe Mallahan, mutane biyu da ba su taɓa riƙe kujerar zaɓe ba. Akwai wasu dalilan, kamar tafiyar ƙungiyar ƙwallon kwando ta Sonics zuwa Oklahoma da rigimar haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa a bakin ruwa, amma duk wanda ya ba da labarin faɗuwarsa da dusa yake farawa. Ba shi ne na farko ba, haka ta faru da magajin garin Shikago, Michael Bilandic, a 1979. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: duk magajin garin da ya biyo baya, da zarar an hango hadarin sanyi za ka gan shi a rumbun gishiri sanye da rigar ma'aikata, 'yan jarida na biye.

McGinn, wanda ya ci zaɓen, tsohon jagora ne a ƙungiyar kare muhalli ta Sierra Club, kuma a zamaninsa ne gishiri ya zama abin yau da kullum. Sai dai jarrabawarsa ta farko ba ta yi daɗi ba. Ranar Litinin 22 ga Nuwamban 2010 dusa kaɗan ta sauka, an kuma fesa ruwan gishiri tun da wuri. Da yamma sanyi ya faɗo da sauri, abin da ya narke ya tsinke gishirin ya sake daskarewa, dogayen bas-bas masu gaɓa a tsakiya suka naɗe suka tare hanyoyi, wasu mutane ba su isa gida ba sai bayan tsakar dare. A shekarar da ta biyo aka kafa na'urar hango hadari a Langley Hill, a gaɓar teku. Kafin nan tsaunukan Olympic suna kare wa na'urar da ake da ita ganin abin da ke tahowa daga kudu maso yamma, wato masu hasashe suna aiki ne da ido ɗaya.

Abin da ke cikin taswira da abin da ba ya ciki

Tsarin da ya fito daga duk wannan ya ginu ne a kan amincewa da abu ɗaya: ba za a share ko'ina ba. An zana taswirar manyan tituna, masu zuwa asibitoci da tashoshin kashe gobara da waɗanda bas ke bi, aka yi alkawarin fito da kwaltarsu cikin awa 12 bayan dusa ta lafa, wasu duka layuka, wasu layi ɗaya kowane ɓangare. Kafin hadari ya iso tankoki kan fita su fesa ruwan gishiri, ka ga fararen layuka a jere a kan titi, musamman a gadoji, domin su ne ke fara daskarewa saboda iska na bi ta ƙarƙashinsu. Idan ruwan sama ya riga dusar zuwa, ya wanke feshin, an yi asara. Ma'aikata kan koma aikin awa 12, dare da rana. Kowace mota tana ɗauke da na'urar nuna inda take, mutum na iya buɗe taswira a intanet ya ga titin da aka bi a awa ɗaya ko uku da suka wuce, wanda amsa ce kai tsaye ga zargin 2008. A kusurwar titunan da suka fi gangara kuma tun farkon hunturu ake jingine allunan rufe hanya, ranar da ta sauka a jawo su tsakiya. Yaran unguwa sun fi kowa murna da wannan, nan take titin ya zama filin sulu.

Bas-bas ma suna da nasu shirin. Ana ɗaura wa tayoyi sarƙa, kowane layi yana da hanyar da yake kaucewa tuddai ranar dusa, ana rage dogayen motocin nan masu naɗewa. Idan abin ya yi tsanani akwai wani ƙaramin jerin layuka na gaggawa, kimanin 60, da ake komawa kansu a bar sauran. Jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ya fara aiki a 2009, yakan yi ta kai da komo cikin dare ba fasinja don kada ƙanƙara ta kama wayoyin lantarkinsa.

An tsara jerin gaggawar nan bayan 2008, amma sai a Fabrairun 2019 aka fara amfani da shi. Watan ya zo a mummunan lokaci: an rufe tsohuwar gadar sama ta Alaskan Way a Janairu, sabuwar hanyar ƙarƙashin ƙasa ta buɗe ranar 4 ga Fabrairu, ranar da birnin ya wayi gari fari fat. Hadari ya yi ta zuwa har tsakiyar wata, aka auna santimita 51, watan da ya fi kowane tun Janairun 1969. Gwamna Jay Inslee ya ayyana dokar ta-ɓaci. Kantuna suka wayi gari babu burodi, babu madara, babu ƙwai, shebur kuwa ko na magani. Amma manyan tituna sun buɗu, motocin asibiti sun wuce, kuma ba wanda ya rasa kujerarsa. Idan aka auna da 2008, tsarin ya yi abin da aka gina shi ya yi.

A nan ne kuma aka ga iyakarsa. Titunan cikin unguwa ba sa cikin taswira, wanda gidansa ke kan tudu sai ya jira narkewa. Hanyoyin masu tafiya a ƙasa kuwa doka ta ɗora share su a kan mai gida ko mai shago, kowa gabansa. A garin da gidaje da yawa ba su da ko shebur, dokar ta zama ta takarda. Motar ture dusa ta wuce ta tara ta a bakin titi, daidai inda mai keken guragu zai gangaro, daidai inda tsohuwa za ta tsaya jiran bas. Naƙasassu sun yi ƙorafi mai zafi a 2019 cewa sun yi sama da mako a kulle a gida alhali motoci na wucewa a ƙofarsu. Me amfanin bas ɗin da ke tafiya idan ba za ka iya isa tasharsa ba?

Sai waɗanda ba su da gida gaba ɗaya. Ƙidayar 2019 ta sami fiye da mutum 11,000 marasa matsuguni a gundumar King, wadda Seattle ke cikinta, dubbai daga ciki a tantuna da motoci suke kwana. Idan sanyi ya tsananta akan buɗe zauren ginin gwamnatin birni da wasu ɗakunan taro na Seattle Center a shimfiɗa katifu. Duk da haka a wancan Fabrairun an tsinci gawar wani mutum da sanyi ya kashe a wata tashar jirgin ƙasa.

Akwai wani darasin da ba dusa ce ta kawo shi ba, amma ya shiga cikin shirin hunturu ya zauna. A tsakiyar Disambar 2006 guguwa ta katse wa gidaje sama da miliyan ɗaya wuta a yankin, cikin sanyi. Mutane suka shigar da gawayi da janareto cikin ɗaki. Ɗaruruwa suka kwanta asibiti saboda iskar guba marar wari da ke fita daga garwashi, wasu suka mutu, kuma baƙi 'yan ci-rani ne abin ya fi shafa, ciki har da 'yan gabashin Afirka da suke da yawa a kudancin birnin. Seattle Times ta cika saman shafinta na farko da gargaɗi cikin harsuna shida, har da Somaliyanci. Wanda ya saba shigar da kaskon wuta ɗaki lokacin hunturu a garinsu bai ga laifin hakan ba, sai dai gidajen can a liƙe suke ruf, ba ta inda iska ke shiga. Tun daga lokacin hukumar lafiya take raba wannan gargaɗi cikin harsuna da dama duk sanda aka hango sanyi.

Bayan kowace dusa sai an ji masu cewa a sayi ƙarin motoci. Shikago tana da kusan 300, amma ita tana samun kusan mita ɗaya na dusa kowace shekara, motocinta ba sa zaman banza. Seattle ta ƙara nata daga 27 ɗin da take da su, yawanci ta hanyar sayen bakin ƙarfen da ake ɗaura wa manyan motocin aikin yau da kullum, kuma ina ganin nan ne hankali ya tsaya. Ba motar ce kaɗai ke da tsada ba, direban da zai iya sarrafa ta a gangara cikin dare shi ne wuyar samu, ga wurin ajiya, ga gyara. Maƙwabtanta ma lissafin da suke yi ke nan, kuma su ma yakan kife da su. Portland ta yi ta ƙin gishiri har sai da hunturun 2017 ya tilasta mata. A Vancouver ta Kanada, a Janairun 2017, gishiri ya ƙare a kantuna, hukuma ta zuba shi kyauta a tashoshin kashe gobara, mutane suka yi ta turereniya da bokitai har sai da aka kira 'yan sanda.

Abin da ya zo ranar Juma'a 23 ga Disambar 2022 kuwa ba ya cikin abin da motar ture dusa ke magani. An yi kwanaki ƙasa tana daskare, sai iska mai ɗumi ta hau ta sama, ruwan sama ya zubo cikin dare, duk inda ya taɓa ya daskare nan take. Da safe titi da matakala da ƙofar mota duk sun sha gilashi. Filin jirgin Sea-Tac ya rufe duka hanyoyin saukarsa uku na wani lokaci, ana saura kwana biyu Kirsimeti. Metro ta dakatar da bas gaba ɗaya, har da layukan gaggawar. Motocin da aka ajiye a gangara suka riƙa sulalewa ba kowa a ciki, mutane suna tsallaka titi da rarrafe, asibitoci suka cika da masu karaya. Saƙon hukuma a ranar guda ɗaya ne, kowa ya zauna a gida. Kafin Kirsimeti ɗumi ya dawo ya narkar da komai. Ranar 27 ga wata kuma tudun ruwan teku ya haɗu da ruwan sama da na narkewa, kogin Duwamish ya tumbatsa ya shiga gidaje a unguwar South Park, ma'aikatan birni suka ajiye gishiri suka koma jigilar buhunan yashi.